Sigarin Lantarki Mai Tsada: Abin Da Mai Kuɗi Ke Nema, Da Abin Da Za A Jibge Wa Talaka

Masu iya magana sun ce araha ba ta ado. Duk mai son ya san aibin kaya mai araha, to ya je ya saurari tambayoyin da mai sayen irinsa mai tsada yake yi wa ɗan kasuwa, domin kowace tambaya tasa tana nuna wani ramin da ya taɓa faɗawa, ko ya ga wani ya faɗa. Wannan ƙa'ida ta kasuwa ita za mu ɗora a kan wani kaya da ya mamaye ƙasashen Turai da Amurka cikin shekaru ashirin da suka wuce, wato sigarin lantarki, musamman manyan na'urorinsa masu tsada waɗanda masu sha ke kira mod. Jama'a masu karatu, kada ku ce wannan zancen Turawa ne, me ya haɗa mu da shi. Ku dakata mu kai ƙarshe, za ku ga inda igiyar ta ɗauro mu.

Asalin abin daga ƙasar Sin ya fito. Wani masanin haɗa magunguna mai suna Hon Lik, wanda shi kansa mashayin sigari ne, kuma ciwon dajin huhu ya kashe mahaifinsa, shi ne ya yi rajistar ƙirarsa a 2003, aka fara sayar da ita a 2004 da sunan Ruyan. Har gobe birnin Shenzhen ne ke ƙera mafi yawan na'urorin da ake sha a duniya. Yadda na'urar ke aiki ba shi da wuyar ganewa. Akwai batir, akwai naɗin siririyar waya da aka cusa wa auduga kamar lagwanin fitila, akwai kuma ɗan tanki mai ɗauke da ruwa. Ruwan haɗi ne na gilisarin, da wani sinadari mai suna furofilin gilaikol, da kayan ƙamshi, da nikotin. In an danna maɓalli, wuta ta bi wayar ta yi zafi, ruwan da audugar ta tsotsa ya zama tururi, mai sha ya zuƙa. Babu ganyen taba da ke ƙonewa, kuma a nan ne dukkan hujjar masu kare wannan kaya ta tsaya: bakin karan sigari yana kai wajen digiri 900 in ana zuƙa, hayaƙinsa na ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kusan 70 daga ciki masu haddasa ciwon daji ne, alhali ita na'urar tana aiki ne da zafin da bai kai rabin wannan ba.

Kasuwar ta rabu gida biyu. A gefe guda akwai ƴar ƙaramar na'urar roba mai launi kamar alewa, wadda za mu kira sha-ka-yar, tunda da ruwanta ya ƙare sai juji. A ɗaya gefen akwai manyan na'urori na ƙarfe ko na ice mai daraja, wasu ƙirar hannu, waɗanda kuɗinsu kan kai yuro 300 ko fiye, wato kusan jika 197 na sefa, a ƙasar da aka tsayar da mafi ƙarancin albashi jika 42 a 2024. Masu sayen waɗannan galibi manyan mutane ne da suka daɗe da shan sigari kafin su koma wa tururi, sun lalata na'urori da dama, sun san kan abin. Buƙatunsu sanannu ne, kuma kamfanoni sun daɗe suna tseren biya musu su.

ABIN DA SUKE TAMBAYA

Na farko, suna son linzami ya kasance a hannunsu. Na'ura mai araha ƙarfi ɗaya take bayarwa, kuma yana raguwa yayin da batir ke mutuwa, ta yadda zuƙar safe daban, ta yamma daban. Mai tsada tana da ƴar ƙwaƙwalwa a ciki da ɗan allo a waje, mutum ya zaɓi ƙarfin da yake so, na'urar ta riƙe masa shi daram har batir ya ƙare. Wanda ke son zuƙa irin ta sigari, ya tara a baki sannan ya shigar ƙirji, wat 10 zuwa 20 sun ishe shi. Wanda ke zuƙa kai tsaye zuwa huhu don ya fitar da gajimare yana neman wat 60, ko 80, ko fiye, har akwai na'urori masu batir biyu da aka rubuta musu wat 200.

Na biyu, suna son a tsare musu zafi. Wannan buƙata tana da tarihi. In auduga ta bushe wuta kuma na ci gaba da shiga, wayar takan yi zafin da ya wuce kima, audugar ta babbake, ruwan da ya rage ya rikiɗe ya fitar da guba. A watan Janairu na 2015 wasu masu bincike na jami'ar Portland ta Amurka suka wallafa cewa sun gwada wata na'ura a bolt 3.3 ba su sami komai ba, da suka ɗaga ta zuwa bolt 5 sai ga sinadaran formaldehaid da yawa, wanda sananne ne wajen haddasa ciwon daji. Wasu masana suka mayar musu da martani cewa babu ɗan Adam da zai iya jure ɗacin irin wannan zuƙa. Ko ma wane ne ke da gaskiya, kamfanonin sun riga sun san da matsalar, domin tun a 2014 kamfanin Evolv na jihar Ohayo ya fito da ƙwaƙwalwar DNA 40, wadda ke auna zafin waya ta hanyar lura da yadda turjiyarta ke ƙaruwa in ta yi zafi, ta rage wuta da kanta in an kai iyakar da mai ita ya sa. Dalili ke nan da ya sa masu wannan na'ura ke neman wayar nikel, ko ta taitaniyom, ko ta ƙarfe marar tsatsa, su tsayar da zafi wajen digiri 200 zuwa 250.

Na uku, batir. A nan ne maganar ta zama ta rai da mutuwa. Batirin da aka fi sawa shi ne wanda ake kira 18650, faɗinsa milimita 18, tsawonsa 65, in ya cika yana ba da bolt 4.2. Lissafin ɗan makaranta ne: in aka ɗaura masa waya mai turjiyar kashi 15 cikin ɗari na om ɗaya, za ta ja amfa 28 daga jikinsa. In shi kuwa amfa 20 aka ƙera shi ya ɗauka, to ana matsa masa fiye da ƙarfinsa, sai ya yi zafi, ya huce iska mai kama wuta, in kuma yana cikin bututun ƙarfe marar mafita, ya fashe. A watan Mayu na 2018 irin wannan fashewa ta kashe wani mutum a jihar Fulorida, a 2019 ta kashe wani a Tekzas, dukansu da na'urori marasa ƙwaƙwalwar kariya. Kamfanonin jiragen sama ma ba su yarda a sa wannan kaya cikin akwatin da ke shiga ƙarƙashin jirgi. Saboda haka mai sayen na'ura mai tsada yana tambaya: shin tana katse wuta in waya ta haɗu? Tana ƙin aiki in an sa batir a juye? Tana tsayawa in an danne maɓalli cikin aljihu fiye da daƙiƙa goma? Akwai ramukan fitar iska? Ana iya cire batirin a sake wani, ko kuwa an liƙe shi ciki?

Na huɗu, kada ta yi yoyo. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma wanda ya biya kuɗin tulu ba zai yarda a miƙa masa rariya ba. Ruwan nikotin guba ne, yana shiga ta fata, in ƙaramin yaro ya kurɓe shi kuwa sai asibiti. Don haka suke neman tankin gilashi mai murfi da ke kulle, da ƙofar iska da ke sama inda ruwa ba zai bi ba, wadda kuma ake iya buɗewa ko tsukewa gwargwadon zuƙar da mutum ke so.

Na biyar, a iya kwance ta a gyara. Suna son su naɗa wayarsu da hannunsu, su sa audugarsu, su wanke tanki, su sake zoben roba in ya tsufa, su ɗaura kan wannan kamfani a jikin na wancan ta hanyar mahaɗin nan da ake kira 510 wanda kusan kowa ya yarda da shi. Sun damu da irin ƙarfen da aka yi amfani da shi, kuma suna da hujja: a 2018 masu bincike na jami'ar Johns Hopkins sun auna na'urorin mutum 56, suka sami dalma da kuromiyom da nikel da manganis cikin tururin da yawa daga cikinsu.

Na shida, gaskiya. Suna son in allo ya ce wat 40, to 40 ɗin ne. In kwalba ta ce nikotin miligiram 6 cikin kowane mililita, to 6 ɗin ne. Suna neman lambar da za su tantance da ita cewa kayan ba jabu ba ne, domin kasuwar cike take da kwaikwayo, har da tsofaffin batura da ake sake wa riga a rubuta musu ƙarfin da ba su da shi.

ABIN DA JERIN YA TONA

Mai karatu ya sake duba waɗannan buƙatu shida. In aka cire zancen ɗanɗano da na ado, sauran duka kariya ce daga wani haɗari: guba daga waya mai zafi, gobara daga batir, guba daga yoyo, ƙarfe cikin huhu, ƙarya a jikin kwali. Ashe mai kuɗi lafiyarsa yake saye. Tambayar da ta kamata a yi ke nan: me ya sa abin da ke hana na'ura fashewa a bakin mutum zai zama kayan alatu? Ba a sayar da mota marar birki a ce mai son birki ya ƙara kuɗi. Ita sha-ka-yar an liƙe batirinta, ba a buɗe ta, ba a ganin abin da ke ciki, mai shanta bai san zafin wayarta ba, bai san ko nikotin ɗin da aka rubuta shi ne a ciki ba. Kuma ita ce yara ke saye, saboda arahar da ƙamshin mangwaro da na kankana.

Akwai kuma buƙata ta bakwai da ba mu cika jin ta a bakin masu saye ba, ba mu kuma gan ta a tallar kamfanoni ba, wato na'urar da za ta taimaki mutum ya rabu da ita. Adalci ya sa mu faɗi abin da bincike ya nuna. Hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta ce a 2015 sigarin lantarki ya fi na ganye sauƙin illa da kusan kashi 95 cikin ɗari, adadin da masana da yawa suka yi jayayya da shi. A 2022 ƙungiyar Cochrane mai tace bincike-binciken likitanci ta ce in mutum 6 cikin 100 ke barin sigari da taimakon cingam ko filastar nikotin, to 8 zuwa 12 za su bari da sigarin lantarki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a duniyar da taba ke kashe fiye da mutum miliyan 7 kowace shekara. Amma wani gwaji da aka yi a Ingila da mutum 886, aka wallafa a 2019, ya nuna ɗaya fuskar. Bayan shekara guda, kashi 18 cikin ɗari na waɗanda aka ba na'ura sun bar sigari, a ɗaya rukunin kuwa kusan kashi 10. Sai dai cikin waɗanda suka bari ta hanyar na'ura, kashi 80 cikin ɗari suna nan suna zuƙar ta, alhali a rukunin cingam da filasta kashi 9 kawai ne ba su rabu da nasu ba. Sun fita daga hayaƙi, nikotin kuwa yana nan riƙe da su.

Manyan na'urorin nan masu tsada su ne suka fi ƙarfafa wannan riƙo. Wanda ya zuba jika ɗari biyu a na'ura, ya koyi naɗin waya, ya tara kawuna goma cikin akwati, ya sami abokai a kan harkar, to ya mai da ita sha'awa irin ta mai kiwon tantabaru ko mai doki, kuma ba a sayen sirdi mai tsada don a daina hawa. Yakan yi alfahari cewa ya sauko da nikotin zuwa miligiram 3, ya manta cewa a wat 80 ruwan da yake ƙonawa a yini ya ninka na mai ƙaramar na'ura sau da yawa, huhunsa kuma shi ke karɓar duk tururin. Kamfanonin taba sun gane wannan tun da wuri. A 2013 Imperial Tobacco ta sayi haƙƙin ƙirar Hon Lik a kan dala miliyan 75. A ƙarshen 2018 Altria, mai sigarin Marlboro a Amurka, ta biya dala miliyar 12 da miliyan 800 don ta mallaki kashi 35 cikin ɗari na Juul. Ɗan jari-hujja ba ya zuba irin wannan dukiya a kan abin da zai kore masa masu saye.

INA KAYAN ZA SU NUFA?

Ƙasashen da abin ya fara yi wa yawa sun tashi tsaye. Dokar Tarayyar Turai ta 2014, wadda ta fara aiki a watan Mayu na 2016, ta ƙayyade nikotin kada ya wuce miligiram 20 cikin mililita, tanki kada ya wuce mililita 2, kwalbar ƙari kada ta wuce mililita 10, kuma dole a yi su yadda ba za su yi yoyo ba, yaro kuma ba zai iya buɗewa ba. Amurka ta ga abin da kasuwar bayan fage ke iya yi a 2019, lokacin da wani ciwon huhu ya kwantar da mutum 2,807 a asibiti ya kashe 68 zuwa Fabrairun 2020, aka gano cewa mafi yawa ruwan wiwi ne da aka gauraya da wani mai na bitamin E. Indiya ta haramta kayan gaba ɗaya a 2019. A Birtaniya an ƙiyasta a 2023 cewa ana zubar da sha-ka-yar miliyan 5 kowane mako, kowace da batirinta a ciki. Beljiyam ta hana sayar da ita daga 1 ga Janairu 2025, Faransa a watan Fabrairu, Birtaniya daga 1 ga Yuni na shekarar. Abin lura mafi girma shi ne ita kanta ƙasar Sin, tun Oktoban 2022 ta hana a sayar wa ƴan ƙasarta kowane ɗanɗano in ban da na taba, amma masana'antunta ba su daina ƙera na mangwaro da na alewa don fitarwa waje ba.

To in Faris ta rufe ƙofa, Landan ta rufe, injinan Shenzhen kuma ba su tsaya ba, ina kayan za su nufa? Mu a nahiyar nan mun san amsar, don ba yau aka fara ba. A 2016 ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta tona yadda ake kawo wa Afirka man gazuwal mai farar wuta har ninki 378 na abin da Turai ta yarda da shi. A 2019 ta sake nuna cewa sigarin da ake yi a Suwizalan don kasuwar Maroko ya fi wanda ake sayar wa Turawa ƙarfi. Kayan da aka kora daga can yakan nemi ƙasar da bangonta ya tsage. Mai kuɗin Yamai zai iya aika a sayo masa na'ura mai ƙwaƙwalwa da batir na asali. Ɗan lakwal na Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, abin da zai iso gare shi ita ce ta roba da aka kora, a ƙasar da zafi ke wuce digiri 45 a watan Afrilu da Mayu, inda batirin litiyom ke kwana cikin shagon kwano, inda kuma ake cinna wa juji wuta a bakin unguwa.

Ƙasarmu ta amince da yarjejeniyar Hukumar Lafiya ta Duniya kan yaƙi da taba a 2005, aka kuma kafa dokar yaƙi da taba a watan Mayu na 2006, wadda ta taɓa zancen talla da na shan taba a wuraren taruwar jama'a. A lokacin da aka rubuta ta, shekarar sigarin lantarki biyu kacal a kasuwar ƙasar Sin. Ya kamata ofishin ministan kiwon lafiya, da na kasuwanci, da ma'aikatan duwan, su zauna su sake karanta ta da idon yau. Wasu za su ce a yi irin ta Indiya, a haramta kawai a huta. Muna girmama wannan ra'ayi, amma duk wanda ya san tsawon iyakokinmu da tarihin fasa-ƙwaurin sigari a hanyoyinmu ya san cewa haramci marar masu tsaro yakan bar kasuwa a hannun waɗanda ba su da suna balle adireshi, kuma yana rufe wa dattijon da ya kasa barin sigari wata ƙofa da bincike ya nuna tana fid da wasu.

Shawararmu ita ce a ɗauki jerin buƙatun mai kuɗi a mai da shi mafi ƙarancin sharaɗin shigowa. A hana sha-ka-yar ɗungurungum, tunda ba ta cika ko ɗaya daga ciki ba. Kada a bar na'ura ta wuce duwan sai tana da kariyar batir da sunan wanda ya ƙera ta da na wanda ya shigo da ita, don a san wanda za a kama in ta yi ɓarna. A ƙayyade ƙarfin nikotin, a tilasta murfin da yaro ba zai buɗe ba, a rubuta gargaɗi da harsunan da mutane ke karantawa. A hana ƙamshin alewa da na ƴaƴan itatuwa, a hana talla, a hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, a kuma hana kasa ta a kusa da makarantu. Wanda ya shigo da batir, a ɗora masa nauyin karɓar matacce. Likitocinmu kuma a ba su horon da za su iya gaya wa mai sha gaskiya guda biyu a lokaci ɗaya: wanda ke shan sigari ya koma tururi ya rage wa kansa illa amma bai gama tafiya ba, wanda kuwa bai taɓa sha ba ya fara da tururi ya sayo wa kansa jaraba da kuɗinsa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Turawa sun jira sai da abin ya cika aljihun ƴaƴansu sannan suka fara rubuta doka, mu kuwa mun sami sa'ar ganin kuskurensu daga nesa, ba tare da mun biya kuɗin karatun ba. Ƙungiyoyin farar hula, da na kare masu saye, da malaman makaranta, da iyaye, kowa na da haƙƙin ya tambayi magabata abin da suka tanada. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah ya sa masu riƙe da alƙalami su ji tun da sauran lokaci.